Shata Yana Cikin Waya, Mai Gangar Noma Fa?

A makon nan na ajiye maganar taki da farashin hatsi, domin in sa baki a wata gardama da ba ta ƙarewa a ƙasarmu ta Kazaure, wato gardamar kiɗa da waƙa tsakanin dattawa da matasa.

Duk wanda ya saba shiga motar haya a hanyar Kano zuwa Daura ya san yadda take farawa. Direba matashi ne, ya haɗa wayarsa da rediyon mota, Hamisu Breaker ko Ado Gwanja na tashi. Kafin a kai Kazaure wani dattijo a gidan gaba zai yi gyaran murya ya ce, "Yaro, ba ka da Shata ne a cikin abin nan?" Idan direban mai ladabi ne sai ya sauya, samarin da ke baya kuma su zaro iyafis su toshe kunnuwansu, kowa ya kama gabansa har a sauka a Karkarna. Haka abin yake a majalisun 'Yankwashi da Roni da Gwiwa, haka yake a teburin mai shayi a Babura. Dattijo ya ce waƙar yanzu hayaniya ce marar ma'ana mai ɓata tarbiyya. Matashi ya ce ta dā ta cika tsawo, ga roƙo, ga yabon mutanen da suka kwanta dama tun ba a haife shi ba.

Ni dai a tsakiya nake. Na taso da kaset ɗin Shata da na Ɗanƙwairo a ɗakin mahaifina, yau kuma 'ya'yana ke cika mini gida da waƙoƙin waya. Saboda haka na saurari ɓangarorin biyu da kyau, kuma abin da na lura shi ne duk a kan manyan sunaye ake jayayya, Shata ko Breaker, Barmani ko Gwanja. Akwai wani makaɗi da ba ya cikin lissafin kowa, kuma shi ne zai fita daga duniya ba tare da ya bar ko sauti ɗaya ba. Zan zo kansa, amma bari in fara biyan bashin gardamar.

Maganar tarbiyya ita dattawa suka fi ɗaga murya a kanta, ita ce kuma mafi raunin hujjojinsu. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, masu rubuta tarihinsa sun nuna cewa mahaifinsa bai so ya zama mawaƙi ba, domin a wurinsa waƙa roƙo ce, roƙo kuwa zubar da girma ne. Shatan nan da muke kira mai hikima shi ya yi "A Sha Ruwa", kuma kowa ya san ba ruwan rijiya yake nufi ba. Shi ya yi "Gagarabadau", zambon da ko yau mutum ba zai so a kunna shi a gaban surukinsa ba. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta yi shekaru tana faɗa wa mata a cikin gida maganganun da maza ke yin kamar ba su ji ba. Kiɗan kukuma irin na su Garba Supa kuwa, a tambayi duk wanda ya yi samartaka a Kano yadda malamai da iyaye suka ɗauke shi a lokacin, da irin gidajen da ake danganta shi da su. In aka ƙara komawa baya, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙi ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe cikin abubuwan da ya soki sarakunan Haɓe da su. Ashe kowane zamani da dattawan da ke ganin kiɗan yaransu alamar lalacewar duniya ce, kuma waɗanda ake zargi jiya su ne masu zargi yau.

Haka zancen cewa waƙar yanzu kwaikwayon Indiya ce. Gaskiya ne, amma wa ya shigo da Indiyan gida? Dattawanmu na yau su ne samarin da suka cika Plaza da Orion da Eldorado a Kano a shekarun 1970 da 1980, suka haddace waƙoƙin da ba su san ma'anar kalma ɗaya a cikinsu ba. Har masu bege aka samu a Kano da suka ɗauki karin waƙoƙin finafinan Indiya suka ɗora yabon Manzon Allah (SAW) a kai. Lokacin da finafinan Hausa na bidiyo suka kama ƙasa bayan "Turmin Danya" na 1990, sannan "Sangaya" ya zo a 1999 da kiɗan fiyano ya buɗe ƙofar abin da aka riƙa kira nanaye, kunnen jama'a ya riga ya yi shekaru talatin yana shiri. Abin da ya ba ni mamaki kullum shi ne a shekarar da "Sangaya" ya fito, a cikinta Shata ya rasu, ranar 18 ga Yuni, aka kai shi Daura aka binne, nan maƙwabtanmu.

To amma kada matasa su yi saurin tafi. Akwai inda dattawa suke da gaskiya, kuma gaskiyar mai nauyi ce. Makaɗin dā a gaban jama'a yake ƙera waƙarsa. Shata zai tsaya, makaɗan kalangu na bayansa, 'yan amshi na maimaita amshi ɗaya, shi kuma yana zubo ɗiya ɗaya bayan ɗaya gwargwadon wanda ya shigo fili da abin da ya faru a wurin. Ba ya rera waƙa ɗaya sau biyu iri ɗaya. Mai sauraro kuwa yana kwasar tarihi da sanin ƙasa ba tare da ya sani ba: sunayen garuruwa da hanyoyi, salsalar gidajen sarauta, wane ya haifi wane, wace sana'a ake yi a ina. Mu nan Kazaure muna da rabonmu a ciki, domin "Magaji Mai Ido Ɗaya", ɗaya daga cikin waƙoƙin Shata da suka fi tashe, basaraken wannan masarauta aka yi wa ita. Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Salihu Jankiɗi sun zuba Hausar da yau sai ɗalibin jami'a ya zauna da ƙamus da dattijo kafin ya warware baiti biyar. Irin wannan waƙa tana bukatar mai sauraro mai haƙuri, wanda zai ba ta minti ashirin ko talatin, ya kuma sake ji gobe ya tsinci abin da ya wuce shi jiya.

Waƙar situdiyo daban ake gina ta. Sau da yawa kiɗa ake fara haɗawa a fiyano ko kwamfuta, sannan mawaƙi ya nemo kalmomin da za su zauna a kai. Idan ma'ana da amsa-amo suka yi karo, ma'ana ce ke ba da hanya. Shi ya sa za ka ji baitoci huɗu sun ƙare da gaɓa ɗaya, sun yi daɗi a kunne, amma in ka rubuta su a takarda ka rasa abin da ya haɗa na farko da na uku. Kalmomin ma ba su da yawa: zuciya, ƙauna, hawaye, rabuwa, sai a juya su kamar waina. Ga kuma TikTok, inda daƙiƙa talatin na waƙa ke yanke mata hukunci, don haka mawaƙi ya fi damuwa da guntun da za a yi rawa da shi fiye da sauran. Idan dattijo ya ce bai ji komai a ciki ba, ba ƙiyayya ce kawai ke magana ba.

Sai dai kuma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa, da fiyano yake aiki, amma wanda ya ce Hausarsa ba ta da zurfi bai saurare shi ba. Nura M. Inuwa yana da baitocin da manya ke tsayawa su ji. Naziru M. Ahmad ya ɗauki salon waƙar fada ya shigar da shi situdiyo, har Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa shi Sarkin Waƙa. Ado Gwanja kuwa, duk da surutun da "Warr" da "Chass" suka jawo masa a 2022, duk wanda ya san amada ya san daga ƙwaryar su Barmani ya ɗebo. Ko Rarara, a so shi ko a ƙi shi, aikin da yake yi wa 'yan siyasa na yabon ubangida da zambon abokin hamayya tsohon aikin makaɗan fada ne, kayan kiɗan ne kawai suka sauya.

Akwai kuma wani abu da matasa suka samu a waƙarsu wanda ta iyayensu ba ta ba su ba. Waƙar dā ta sarki ce da attajiri da jarumi da mai sana'a. Soyayya tsakanin saurayi da budurwa kunya ta rufe ta, in ban da 'yan kaɗan irin Haruna Uji na Haɗejiya da gurminsa, wanda ya fito fili ya kira sunan mace ya yi begenta. Yaran da suka taso da littattafan soyayya irin "In Da So Da Ƙauna" na Ado Ahmad Gidan Dabino, suka ga yayyensu mata na kuka a kan auren da ba su so, sun nemi waƙar da za ta faɗi abin da ke ransu, kuma sun same ta. Saurayin Achilafiya da ke aikin gini a Abuja, wanda ya bar budurwa a gida yana tara kuɗin lefe, me yabon wani hakimi na shekarun 1960 zai gaya masa da dare in ya kwanta? "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta game ƙasa a 2020 saboda ta taɓa wani wuri da ke akwai a zukatan mutane, har matan aure suka riƙa yi wa mazajensu rawarta.

A ganina babban abin da ya raba kunnuwan biyu shi ne yadda ake sauraro. A dā rediyo ɗaya ce a gida, wani lokaci ma ɗaya a unguwa. In Rediyon Kaduna ta sako Zaɓi Sonka, uba da ɗa da baƙo duk abu ɗaya suke ji, yaro ya tambayi ma'anar kalma a gaya masa, ya ji manya na musu a kan wa ake yi wa habaici. Ɗanɗanon waƙa a cikin taro ake koyonsa, kamar cin tuwo. Kaset ya zo ya ba mutum zaɓi, amma duk da haka a fili ake kunna shi. Da memori ya shigo, masu tura waƙa suka kafa tebur a kowace kasuwa, sai kowa ya zama da rediyonsa a aljihu, iyafis kuma ya rufe ƙofa. Yau uba bai san abin da ɗansa ke ji ba sai in ya ɓarke a sifikar biki, ɗan kuma bai taɓa zama an warware masa waƙar Narambaɗa ba. Yaya za a yi ya so abin da ba a taɓa gabatar masa da shi ba?

Yanzu bari in zo kan mutumin da na ce ba ya cikin lissafi. Masu kukan cewa waƙar gargajiya za ta ɓace su kwantar da hankalinsu game da Shata. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa tun 1988. An rubuta tarihinsa a littattafai, cikinsu har da "Shata Ikon Allah!" na su Ibrahim Sheme. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya ƙarar da shekaru yana tattara waƙoƙin baka na manyan makaɗa yana rubuce su. Waƙoƙin Shata da na Ɗanmaraya Jos da na Ɗan Anace suna nan jibge a YouTube, kuma matasan nan da ake zargi su suka ɗora su. Direban da dattijo ya roƙa ya sauya waƙa, ai a cikin wayarsa ya samo Shatan.

Wanda ba ya cikin kowace waya shi ne mai gangar noma na ƙauyenmu. A ƙasar 'Yankwashi da Gwiwa da Roni, kamar sauran ƙasar Hausa, kowace sana'a da kiɗanta. Manoma na da gangar da ake kaɗa musu a gayya, kowane ƙaƙƙarfan manomi da takensa, in aka kaɗa shi ko yana ƙarshen kunya sai ka ga ƙura ta tashi. Mahauta na da kalangu, maƙera na da dundufa, 'yan dambe da 'yan tauri da mafarauta kowa da nasa. 'Yan mata na gaɗa a dandali da farin wata, amare na kaɗa shantu a ɗaki, in kaka ta yi samari su shirya kalankuwa. Waɗannan makaɗa ba su taɓa shiga situdiyon Rediyon Kaduna ba, ba kamfanin da ya buga musu faifai. Taken manoman gari guda, da sunayen kakanninsu da kirarinsu, yana cikin kan mutum ɗaya ne, in ya tafi ya tafi da shi.

Akwai irin wannan dattijo a garin kakannina na wajen uwa. Ina yaro, in ya rataya ganga ya nufi gona, mu yara binsa muke yi har iyayenmu su aiko a kore mu. Bara na je gaishe shi na tarar da gangar a rataye a zaure, fatar ta tsage, gara ta fara taɓa icen. Goro yake sayarwa yanzu. Na tambaye shi ko cikin 'ya'yansa akwai wanda ya koya, ya ce babban ya fara, amma da ya je neman aure aka ce ba a ba ɗan maroƙi, sai ya ajiye ya kama acaɓa. Na roƙe shi ya kaɗa mini taken kakana a kan gwiwarsa, ya kaɗa da tafin hannu, yana faɗin abin da gangar ke cewa, har da sunan wata gona da ni ban san tamu ce a dā ba.

Wa ya rataye wannan ganga? Hamisu Breaker bai san garin ba ma. Gayya ta ja baya ne tun da aikin gona ya koma na ƙwadago da garmar shanu da maganin feshi, wannan kuwa sauyin zamani ne da ba a ɗora wa kowa. Amma sauran fa? Mu iyaye muka rufe dandali, wasu don karatun boko da Islamiyya, wasu don wa'azi ya ratsa su, kuma ban ce babu dalili ba, sai dai ba mu tanadi wani wurin da gaɗa za ta koma ba. Uban amarya, wanda ke zagin waƙar zamani a majalisa da safe, shi ne da yamma zai ba da kuɗin ɗauko DJ da janareta, domin ya fi sauƙi a kan ciyar da makaɗa takwas da sallamarsu. Dattijon da ke hawaye in ya ji Ɗanƙwairo shi ne zai hana 'yarsa auren jikan makaɗi. Muna son kiɗan, muna raina mai yin sa, sannan muna mamakin yadda aka rasa magaji. Makaɗan fada su sun tsira da sauƙi, domin muddin Sarkin Kazaure zai yi hawan Sallah, hakimai za su biyo shi, to za a nemi mai algaita da mai kakaki da mai tambari. Makaɗin talaka ba shi da hawan da zai riƙe shi.

Ban ce a dawo da gayya don a ji daɗin ganga ba, ba mai komawa noman hannu saboda waƙa. Abin da ake iya yi ƙarami ne, kuma a hannun matasan yake, tunda su ke da wayar da ta iya ɗaukar sauti da hoto, su kuma suka san inda ake ajiye abu a intanet ya zauna. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga Kwalejin Ilimi ta Gumel, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ga Jami'ar Tarayya a Dutse. Duk shekara ɗaliban Hausa a manyan makarantun Arewa na rubuta kundin kammala karatu, kuma da yawansu a kan Shata da Narambaɗa da Ala suke sake yi, ana ta tatsar saniya ɗaya. Me zai hana malamai su ce wa ɗalibin da ya fito daga 'Yankwashi ko Gwiwa ya koma garinsu ya nemo makaɗin da ya rage, ya ɗauke shi, ya rubuta takensa da kirarinsa? Majalisar masarauta kuma, ta hannun hakimai da dagatai, cikin mako biyu za ta iya sanin makaɗan noma da na sana'a nawa suka rage a ƙananan hukumominta huɗu, da garuruwan da suke.

Su ma mawaƙan situdiyo akwai riba a nan in sun duba. Kullum suna neman sabon kari, har suna aro daga Indiya da Legas, alhali ga kari iri-iri a ƙauyukan da suka fito wanda kunnen birni bai taɓa ji ba. Sharaɗin kawai shi ne in an ɗauka a faɗi sunan mai shi, a kuma kai masa rabonsa yana da rai.

Ga matashin da zai gwada, lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an kai amfanin gona gida, sa'ad da tsofaffi ke da sukunin zama. Ka tafi da goro, ka tafi da dattijon da makaɗin ya sani, domin ba zai buɗe wa baƙo ciki ba. In gangar ta lalace, kuɗin fatar akuya da na mai ɗaurin ba su da yawa. Kada ka tsaya a kan kiɗan kawai. Bayan kowane take ka tsayar da shi ka tambaye shi na wane ne, ɗan wane ne, me gangar ke faɗa, a wace gona aka fi kaɗa shi. Ka rubuta sunan garin da ranar da ka ɗauka, ka ba iyalinsa kwafi a memori, ka ajiye wani a wurin da ba wayarka kaɗai ba. Wanda ya yi haka a ƙasar Kazaure ko Babura ya aiko wa wannan jarida da labari, zan ba shi wannan fili na mako guda ya faɗi abin da ya samo da sunan makaɗin.